Yadda ake mayar da zomaye 'yan uwa keji ɗaya bayan sun rabu

Zomaye biyu mata gare ni, uwa ɗaya uba ɗaya, dare ɗaya aka haife su a bayan ɗakina a Nima, wata unguwa a Accra, Ghana. Yara suka sa musu Fara da Toka. Tun suna jajaye ba gashi suke kwana manne da juna, har suka kai wata 5 ban taɓa ganin ɗaya ta kai wa ɗaya cizo ba. Sai bakin waya ya yanki Toka a ƙafa, na ɗauke ta na sa a kwali kusa da madafa don ciwon ya kame. Ta yi mako 3 a nan. Ranar da na ga ta warke sarai, bayan isha'i, na buɗe keji na mayar da ita wurin 'yar uwarta, na je na kwanta hankalina kwance. Da asuba 'yata ta buga ƙofa. "Baba, fito ka gani, gashi ya cika keji." Na tarar da kunnen Toka a tsage kamar tsawon gaɓar yatsa, jini ya bushe a kan katako, ita kuma ta cusa kai a lungu tana haki. Laifina ne, domin na ɗauka jinin da ya haɗa su zai ishe su.

Mu a wurinmu zumunta a ƙafa take. A wurin zomo a hanci take. Zomo yana da wurin da ke fitar da wari a ƙarƙashin haɓarsa da kuma gefen al'aurarsa, shi ya sa kake ganin yana goga haɓa a kan kwano, a kan katako, har a kan takalminka. Da wannan warin, da fitsari, da kashin da yake warwatsawa, yake shata iyakar gidansa. Wanda yake ɗauke da warin gidan shi ne na gida. Toka ta dawo da warin magani da hayaƙin gawayi da hannuwan mutane, Fara kuwa ta yi mako 3 tana mallakar kejin ita kaɗai. Baƙuwa ta gani ta shigo mata ɗaki da dare. Ga kuma balaga ta riske su a daidai lokacin, wadda ita kaɗai ma tana raba 'yan uwan da ba a taɓa raba su ba. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan ƙa'ida ɗaya yake: ka ɗauke su a matsayin baƙin juna, ko da uwa da 'ya ne, ka gabatar da su daga farko.

Ka raba su, ka duba jiki

In sun riga sun yi faɗa, raba su nan take, kowa da wurinsa. Kada ka ce bari su daidaita da kansu. Zomaye suna kashe juna, kuma suna riƙe abu a rai.

Sannan ka ɗora kowanne a cinyarka, ka hura gashinsa ko ka buɗa shi da yatsu, ka bi wuya, baya, ciki, kunnuwa, fatar ido, da tsakanin ƙafafun baya. Cizon zomo ƙaramin rami ne da gashi ke rufewa, sai bayan kwanaki ka ji ƙulli ya taso. Mugunyar zomo kauri gare ta kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa da kanta, dole sai likita. Ƙaramin rauni ka wanke shi da ruwan gishiri: ka tafasa ruwan leda ɗaya, rabin lita ke nan, ka sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ka bari ya huce. Ka kare wurin daga ƙudaje, domin a zafinmu tsutsa ba ta ɗaukar lokaci. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka ɓare kafson amoxicillin ko ampiclox ka ɗura wa zomo a baki yadda ake yi wa kaji. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, su jawo zawon da ke iya kashe shi. Kuma zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Bayan mummunan faɗa ka ba su mako 2 ko fiye ba sa ganin juna, raunuka su warke, zuciya ta sauka.

Maganar fiɗiya

A nan mutane da yawa suke tsallakewa, a nan kuma rabin aikin yake. Zomaye ƙananan iri suna balaga tun suna wata 3 da rabi zuwa 4, manyan iri irin farare masu jan ido da muke da su da yawa sukan kai wata 5 ko 6. Marainan namiji suna sauka wajen mako 10 zuwa 12, a nan ya kamata a ce an raba maza da mata.

Wa da ƙane maza biyu da ba a yi musu fiɗiya ba, kada ka ɓata lokacinka. Za su iya yin wata guda lafiya, rana ɗaya ka tarar ɗaya ya farke wa ɗaya maraina, domin can suke kai cizo. Namiji da 'yar uwarsa ko uwarsa, in ba a yi fiɗiya ba, ciki ne zai biyo baya: kwana 31 ta haihu, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Zuriyar da ake ta haɗawa jini ɗaya kuma rauni take yi. Mata biyu sukan zauna tare ba tare da fiɗiya ba in wurin yana da faɗi sosai, amma ka shirya wa rikici duk lokacin da ɗaya ta yi cikin ƙarya. Za ka ga tana cika baki da ciyawa tana tsige gashin ƙirjinta tana sheƙa alhali ba ciki, abin yakan ɗauki kwana 16 zuwa 18, kuma a kwanakin nan ba ta son kowa kusa da ita.

Fiɗiyar zomo aikin likitan dabbobi ne. Wani dattijo a unguwarmu da ya ƙware a kan raguna da bunsuraye ya ce mini, "Malam, kawo shi, minti biyu ne." Na gode masa na ƙi. Kafar da maraina ke saukowa ta ciki a jikin zomo a buɗe take har tsufansa, in ba a rufe ta yadda ya dace ba hanji yana iya zurarowa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a unguwar La, akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ghana da ke Legon, akwai masu zaman kansu. Duk inda ka je ka tambaya ko likitan ya saba yi wa zomaye aiki. Zomo ba ya amai, don haka ba a hana shi abinci kafin aiki kamar yadda ake yi wa kare. Ga mace kuwa cire mahaifa ya fi tsada da nauyi, amma yana kare ta daga ciwon dajin mahaifa da ke yawan kama zomanyar da ta manyanta. Bayan aiki ka jira mako 4 zuwa 6. Namiji yana iya yi wa mace ciki a makonnin nan, kuma zafin kan bai gama sauka ba. Fara da Toka duka an yi musu, na jira mako 6 cif.

Maƙwabtaka tukuna

Yanzu ka jera kejinsu biyu gefe da gefe, raga tana kallon raga, amma ka bar tazarar faɗin tafin hannu, kamar santimita 8 zuwa 10. Raga ɗaya tsakaninsu ba ta isa ba, ta cikinta suke cizon hanci da leɓe. Ka sa bulo ko guntun katako a tsakani don kada su tura kejin su haɗe. Ka ajiye abincin kowa a gefen da ke kusa da ɗan uwansa, su saba ci suna ganin juna. Kowa ya sami kwalin da zai ɓuya in ya gaji da kallo.

Kullum da safe ka yi musanye. Ka ɗebi ciyawar da wannan ya kwanta a kai, da ɗan kashinsa, ka kai kejin wancan. Bayan kwana 2 ko 3 ka fara musanya su kansu: yau Fara ta kwana a kejin Toka, gobe ta koma, ba tare da ka wanke komai ba. Manufar ita ce kowa ya rasa wurin da zai ce nasa ne shi kaɗai, warin biyu ya gauraya ya zama warin gida. Kwanakin farko za ka ga kashi a warwatse a bakin raga, da fitsari, da zirga-zirga da jela a ɗage. Wannan ba komai. Abin da kake jira shi ne ranar da za ka leƙo ka ga kowa ya miƙe ƙafafu ya kwanta a gefen ragar da ke kusa da ɗayan. Nawa sun yi kwana 9 kafin na ga haka. Wasu mako 1, wasu wata guda.

Haɗuwar farko

Wurin haɗuwa dole ya zama inda babu ɗayansu da ya taɓa takawa. A gidan haya irin namu na Nima da Maamobi, inda tsakar gida ta kowa ce, wannan shi ne abu mai wuya. Ni banɗakin wanka na yi amfani da shi, bayan na wanke shi ya bushe ƙarau. Lungun baranda da aka kewaye da katako ko zauren maƙwabci ma ya yi. Faɗin ya zama kamar mita 1 da rabi kowane gefe: in ya yi ƙanƙanta ba wurin kaucewa, in ya yi girma kowa zai kama kusurwa ya mai da ita gidansa. In ƙasan tayil ne ka shimfiɗa buhu, domin santsi yana firgita su. A tsakiya ka zuba tulin ciyawa da ganyen dankali ko harawa, tuli mai faɗi, ba kwano ɗaya da za a yi rububi a kai ba. Kada ka sa kwali mai ƙofa ɗaya, tarko ne.

Lokaci ma abin lura ne. Zomo ya fi kuzari da asuba da magariba, ya fi sanyin jiki da rana. Amma rana tsaka a Accra, ƙarƙashin kwano, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, haɗari ce. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake rage zafi, da zarar zafi ya haura digiri 30 yana cikin wahala ko ba ya gudu. Ni na zaɓi hantsi, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, a inuwa.

Ka shiga da takalmi rufaffe, da tawul mai kauri, da wani abu mai faɗi da za ka zura a tsakaninsu: faifai, murfin babbar tukunya, ko guntun filawud. Ka kori yara daga ƙofa, ka tabbatar ba kyanwa. Mutum ɗaya mai natsuwa ya isa ya taimaka. Ka ajiye su lokaci ɗaya, kowa a gefensa, ka tsuguna a tsakiya ka yi shiru. Minti 5 zuwa 10 ya isa ranar farko.

Ranar farkon nawa, Toka ta daskare a kusurwa, hancinta kawai ke motsi. Fara ta zagaya wurin tana shinshina buhu, ta zo ta tsaya nesa da ita kamar taƙi ɗaya, ta miƙa wuya. Na ji zuciyata tana bugawa, faifai yana hannuna. Sai ta juya ta je ta ɗauki ganyen dankali ta fara ci. 'Yata ta raɗa mini, "Baba, ba su kula juna ba." Na ce mata ai abin da muke nema ke nan. Zomon da ya juya wa ɗan uwansa baya ya ci abinci, ko ya zauna yana wanke fuska da hannuwa, ya nuna ba ya ganin haɗari.

Rarrabe faɗa da neman girma

Wannan shi ne ilimin da ya fi komai, domin in ka raba su a kan kowane motsi ba za su taɓa sanin babba da ƙarami ba, in kuma ka yi sakaci jini zai zuba.

Dole ɗaya ya zama babba. Hanyarsu ta tantance haka ita ce hawa, ko mace da mace suna hawan juna, ba sha'awa ba ce. Ka bari ya yi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, in na ƙasa ya fara fusata sai ka ture na sama a hankali, ka dafa kafaɗunsa ka shafa shi. In ya hau ta wajen kai kuwa, ture shi nan da nan, domin bakin na ƙasa yana daidai al'aurarsa. 'Yar gajeriyar kora, ɗan tsinken cizo a gindi, 'yan gashi kaɗan a ƙasa, duk cikin lissafi ne. Haka kuma za ka ga ɗaya ya zo ya cusa kansa ƙarƙashin haɓar ɗayan ya kwantar. Cewa yake a lashe ni. Wani lokaci duka biyun za su haɗa goshi kowa yana jiran ɗayan, ba mai son ya fara. A nan rikici yakan tashi, don haka ka sa hannu ka shafa kawunansu biyu tare, kowa ya ji kamar ɗan uwansa ne ke yi. Wasu suna shafa ɗan ɗigon ayaba a goshin ɗaya don ɗayan ya lasa, yana taimakawa in bai yi yawa ba.

Alamar faɗa daban take, kuma tana zuwa kafin faɗan. Kunnuwa su kwanta baya, jela ta miƙe sama, jiki ya sauka ƙasa wuya ya miƙe gaba, ka ji gurnani. Mafi muni shi ne su fara zagaya juna, hanci a jela, da'irar tana ƙara matsewa tana ƙara sauri. Daga nan zuwa su dunƙule suna birgima suna shurin ciki da faratan baya, ƙiftawar ido ce. Da ka ga kunne da jela sun canza, zura faifai a tsakani, ka toshe musu ganin juna, ka jira su huce. In sun riga sun dunƙule, jefa tawul a kansu ka ɗauke ɗaya a naɗe. Kada ka sa hannu tsirara, zomon da ke faɗa ba ya sanin hannun mai ba shi abinci. Kada ka ja wanda ya riƙe da haƙori, fata za ta yage. Kada ka ɗaga zomo ta kunne, kuma ka tallabi gindinsa duk sanda ka ɗauka, domin shuri ɗaya a iska yana iya karya masa baya. Duka da tsawa ba sa koya masa komai sai tsoronka.

Ka yi ƙoƙari kowace haɗuwa ta ƙare a kan natsuwa. In an yi 'yar hatsaniya ba rauni, kada ka kwashe su nan take, in ba haka ba mai kai harin zai koyi cewa da ya kai cizo ake ɗauke masa abokin gaba. Ka jera su gefe da gefe, kai na kallon gaba ɗaya, hannunka a kan kowa, ka shafa su minti 2, sannan ka tashi taron. In an fitar da jini kuwa, koma baya: hutu, maƙwabtaka, sannan a sake.

Akwai masu cewa a sa su a kwando ɗaya a shiga mota da su, tsoro zai sa su manne da juna. Ni ban yarda da shi ba a garin nan. Zafin cikin mota da cunkoson hanya sun isa su kashe zomo, kuma abotar tsoro ba ta cika daɗewa ba.

Daga nan sai ƙari kullum, ba fashi: minti 10, minti 20, rabin awa, awa 1, awa 3, yini guda. In wata rana ta yi tsami, gobe ka rage. A rana ta 12 na ga Toka ta lashi Fara a goshi sau uku, ta tsaya, ta sake. A ta 19 suka kwanta jiki na gugar jiki. Sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar wurin na kwana biyu a nan, ina farkawa duk sanda na ji motsi. Sai sun yi awa 48 tare ba kora ba cizo za ka yi maganar komawa gida.

Komawa keji

Tsohon kejin yana ɗauke da warin wanda ya mallake shi, kuma katako yana shan fitsari. Ka kwashe komai, ka goge shi da ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ka bi kusurwoyin da farin fitsari ya daskare, ka shanya shi a rana yini guda. Katakon da ya jiƙe sosai a cire a sa sabo. In da hali ka canza masa wuri a tsakar gida, ka canza inda kwanuka suke.

Ka kuma dubi girmansa da idon gaskiya. Yawancin kejin da kafintocinmu suka iya, samfurin masu kiwon nama ne, zomo ɗaya ɗaki ɗaya. Kiwon da ya bazu ke nan tun 1972, zamanin shugaban mulkin soja Acheampong da shirinsa na ciyar da kai, Operation Feed Yourself, lokacin da aka buɗe gonar zomaye ta ƙasa a Kwabenya. Wannan kejin bai dace da biyu ba. Ka sa kafinta ya haɗa biyu ya fasa ƙofofi biyu a tsakani, ko ka kewaye musu fili a ƙasa mai siminti, kamar mita 3 da mita 2 in gidan zai ɗauka, inda kowa zai yi tsalle uku a jere ya kuma miƙe tsaye kunne bai taɓa rufi ba. Komai biyu-biyu: kwanon ruwa biyu, wurin ciyawa biyu, maɓoya biyu kowace da ƙofar shiga da ta fita. Dusa da abincin kanti, waɗanda a kansu aka fi faɗa, ka watsa su a faɗi maimakon kwano ɗaya. Ciyawa kada ta yanke dare da rana. Ka sa su ciki tare, da safe, a ranar da kake gida. 'Yar hawa da kora za su dawo na kwana ɗaya ko biyu, ka sa ido da faifanka a kusa.

Akwai waɗanda ba za su taɓa yarda ba, musamman maza biyun da suka taɓa yi wa juna mummunan rauni. In ka yi wata 2 ko 3 kana bin matakan nan kuma kowace haɗuwa da kai hari take farawa, ka haƙura. Su zauna maƙwabta da raga biyu a tsakani, suna gani suna jin warin juna, hakan ma yana rage musu kaɗaici.

Waɗanda suka shirya kuma, kada ka sake raba su ko na dare ɗaya. In ɗaya ba ta da lafiya, ka tafi da su asibiti tare a kwando ɗaya, su dawo da wari ɗaya. In likita ya ce dole a keɓe marar lafiyar, ka keɓe ta a cikin kejin da raga, inda 'yar uwarta za ta riƙa ganinta, kana musanya musu ciyawar kwanciya kullum. Da damina ta bana Fara ta yi ciwon ido, haka na yi: kwando ɗaya, tawul a ƙasa, ganyen dankali a gefe, Toka tana lasar mata kunne har muka isa.